Gindin ɗakin ajiya a bakin fadama

Duk mai lambu a Gangara ya san wahalar jigilar injin ban-ruwa safe da yamma, ga tiyo, ga buhun taki, ga jarkar mai. Shi ya sa da yawanmu ke kafa ɗan ɗakin ajiya, kuma tun da rashin tsaro ya addabi Sabon Birni da Isa, kusa da gari muke yin sa. Nawa na kwano ne, ƙafa 8 a kan 6. Bango da rufi ba su ba ni wahala ba. Gindin ne ya ci ƙarfina, shi ne kuma ya koya mini aikin.

Da rani ake gini, rani kuwa yana ɓoye halin ƙasa. Baƙar lakar fadama tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe, duk simintin da aka zuba a kanta kai tsaye sai ya dare. Kawuna, wanda ya tsufa yana gina rumbuna, shi ya zagaya filin da ni. Ya nuna mini tarkacen kara da ruwan bara ya maƙale a gindin wata bagaruwa, ya ce, "Ɗana, ruwa ba su mance hanyassu. Koma bisa tudu." Wanda ya ga abin da ambaliyar 2010 ta yi wa garuruwa da gonaki a kwarin Rima ba zai yi gardama da wannan magana ba. Muka matsa gefen jigawa.

Dabarar tana nan a rumbun Gobir tun kaka da kakanni. A kan duwatsu ake ɗora shi, iska na ratsawa ta ƙasa, laima ba ta kai ga gero, kaji kuma su shiga su tsince gara. Abin da ake nema ke nan ko da siminti za a yi: ɗaki ya ɗaga daga ƙasa, itace kada ya taɓa ta.

Mun kwashe ƙasar sama kamar zurfin ƙafa guda, muka tsince saiwoyi da ruɓaɓɓen kara, don su ne abincin gara. Sai cikon marmara. A nan na ga mutane da yawa suna gaggawa, su juye amalanke uku a rami lokaci ɗaya su tattake da ƙafa. Saman zai yi tauri, cikin yana nan sako-sako, damina ɗaya sai ya zauna, ƙofa ta ƙi rufuwa. Kaurin inci 4 ake zubawa, a yayyafa ruwa daidai yadda idan ka dunƙula a hannu zai riƙe bai ɗiga ba, a daɓe har ƙarar ta canza, sannan a ƙara wani. Iyayenmu mata da ke daɓen ɗaki da madaɓi da ruwan makuba sun fi mu sanin wannan ƙarar, kuma ina ganin asara ce yadda muke barin iliminsu yana tafiya da su. Mun ci gaba har ciko ya haura ƙasa da tsayin bulo ɗaya.

Daidaita kusurwa igiya ta isa: ƙafa 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 5. Farin tiyo cike da ruwa shi ke nuna inda ya karkace.

Kafin kankare mun shimfiɗa leda don tare laima. Kwaɓin kuwa siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, kaurin inci 4, da yashin gulbi mai tsabta wanda ba laka a cikinsa. Tun yana ɗanye muka dasa rodi a kusurwoyi, don iskar farkon damina tana ɗaga ɗakin kwano gaba ɗaya idan ba a ɗaure shi da gindinsa ba. Azarar giginya muka sa, gara ba ta cika damunta ba, duk da haka a kan kankare ta zauna. Sannan shayarwa: aƙalla kwana 7, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, in ba haka ba zafin bazara zai shanye ruwan kafin siminti ya kama.

Na san kuɗin buhun siminti ya fi ƙarfin manoma da yawa yanzu. Wanda bai da halin inci 4 kada ya shafa inci ɗaya a kan laka, kuɗinsa zai zubar. Ya yi cikon marmara da daɓe mai kyau, ya jera duwatsu ƙarƙashin ginshiƙai, ya yanka 'yar magudana ta bayan ɗaki yadda ruwan rufi zai gangara cikin lambu.