Ta Inda Zazzaɓin Lassa Ke Shiga Jiki

Idan kaka ta yi a ƙasar Rano da Kibiya, manomi ya kan shanya dawa bisa fa ta kwana. Ya san ɓera zai taɓa, amma ɗan abin da ɓera ke ci bai dame shi ba. Abin tsoron kuwa shi ne abin da ɓeran ke bari, watau fitsari da kashi.

Akwai wani irin ɓera mai nonuwa da yawa, a jikinsa ƙwayar zazzaɓin Lassa ta ke zaune, ba ta kashe shi. An fara gane cutar a 1969, a garin Lassa ta ƙasar Barno. Aka yi shekaru likitoci suna tambayar ta wace ƙofa ƙwayar ke shiga mutum.

Jikin ɗan Adam kamar birni ya ke mai ɗakuna ƙanana ba iyaka, kowane da kubarsa. A 1998 masu bincike a Amurka suka gano wani sinadari a bangon ɗakunan nan, wanda ƙwayar ke maƙalewa a kai har ɗakin ya jawo ta ciki. A 2014 kuma aka gane ba ta tsaya nan ba. In ta shiga sai ta saki na farin, ta kama wani sinadarin dabam, sa'an nan ta zuba zuriyarta. Na jikin kaza ya bambanta kaɗan, saboda haka a gwaji ƙwayar ta kasa shiga ɗakunanta.

Abin da ya fi muni, waɗanda ta kan fara kamawa su ne 'yan gadin jiki, masu yekuwa in baƙo ya shigo. Tana hayayyafa a cikinsu, su kuwa sun yi tsit. Mutum ya kan yi mako ɗaya zuwa uku bai ji kome ba. In zazzaɓin ya taso sai a ce na sauro ne, a yi ta ba da maganinsa, alhali maganin Lassa a kwanakin farko ya fi ci. Zubar jinin da ake tsoro sai daga baya ta ke zuwa, ba kuma ga kowa ba.

Shirun nan ko likita bai bari ba. A watan Janairu na 2020 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Aminu Kano suka rasu da ita. Allah ya jiƙansu.