Safar da Ta Dawo Mini

Wannan makon ku yi mini uzuri, babu ci gaban littafi. Wata 'yar safa ce ta tsaya mini a rai.

Tun ina aji biyu a sakandare a Gummi na koyi saƙa da kwarashi. Ba ni da haƙurin shawul ko rigar sanyi, ƙananan abubuwa nake yi: safar jarirai, hula, 'yar jakar kuɗi. Zaren da na fi so shi ne ulu mai sirkin launi, wanda aka rino gaɓa-gaɓa tun daga kamfani. Kina cikin ja sai ki faɗa ruwan ɗorawa, ado na fitowa da kansa ba sai kin yanke kin ƙulla ba.

Da irinsa na saƙa wa ɗan ƙanwata safa a hunturun 2008, na kai ranar suna a wani ƙauye na ƙasar Anka. Da ta yi masa kaɗan, uwar ta adana wa ƙanensa.

Sai ga 2010, shekarar gubar dalma. Ana kawo dutsen zinare cikin gidaje a daka a niƙa, yara na rarrafe cikin ƙurar. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. Namu na ciki, bai cika shekara biyu ba.

Ranar da zan taho daga zaman makoki ta miƙo mini ƙullin leda. "Yaya, ba na iya kallonta. Ki warware ki saƙa wa wani, zaren bai tsufa ba."

Ni da nake kashe mutum a littafi alƙalamina bai girgiza ba, wallahi na kasa jan bakin zaren nan. Shekara biyu tana ƙasan akwatina.

A 2012, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajensu, Allah Ya ba ta 'ya mace. Daren da labari ya iso na warware safar. Zaren ya fito duk a lanƙwashe, na jiƙa shi na shanya, na mayar da shi hula. Tana gani ta gane launin. Ba ta ce komai ba, ta sa wa jaririyar.

Yarinyar yanzu tana sakandare, kuma ta ɗauke mini kwarashi biyu ba ta dawo da su ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mu haɗu mako mai zuwa a ci gaban labarinmu.