Nas-nas ɗinmu da maganar ƙaro karatu



'Ya'yanmu mata da suka karanci aikin jinya ko ungozoma, kuma suke aiki a ƙananan asibitocin ƙaramar hukuma, ba su da yawa. Kowa ya san gidajensu. Su ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama, su ke raka tsofaffinmu asibiti su mayar da bayanin likita daga Turanci ko Yarbanci zuwa Hausa. Akwai larurar da mace ba za ta iya faɗa wa baƙo ba, amma ta faɗa wa 'yar gida cikin harshenta.

Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, rabon wannan nas da aji tun yaushe?

Ilimin lafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mu da muka haura arba'in mun tashi da kulorokwin, daga baya aka ajiye shi saboda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin sa, yanzu ma sai an gwada jini kafin a ba da magani. A da ana cewa mai ciki ta je awo sau huɗu, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi aƙalla sau takwas. Cibiyar jariri da iyayenmu ke gasawa da tsumma mai zafi, yau akwai maganin shafawa da ke kare ta daga ƙwayoyin cuta. A Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata, kuma duk mun ji irin jita-jitar da ta biyo baya a majalisu da gidajen suna. Nas ɗin da ba ta sami horo a kan allurar ba, da me za ta amsa wa uwar da ta zo mata da tsoro? Sai dai ta ce haka aka ce mu yi. Uwa kuwa ba ta miƙa 'yarta a kan irin wannan amsa.

Doka ma ba ta bar abin a ganin dama ba. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ba ta sabunta wa ma'aikaci lasisi sai ya nuna shaidar halartar kwas ɗin ƙarin horo. Bayan wannan akwai kwasa-kwasan ƙwarewa, irin na lafiyar al'umma da na kula da yara, akwai kuma digiri. Ga Jami'ar Ibadan da asibitin koyarwa na UCH nan kusa da mu, sashen koyar da aikin jinya na jami'ar yana nan tun 1965. Wadda ba za ta iya barin aiki ba, Jami'ar NOUN ta karatu daga gida tana karɓar nas mai rajista ta yi digiri tana kan aikinta.

To me ke tsayar da namu? Mun zauna da su, kuma kuɗi ne suka fara ambata: kuɗin kwas, na mota, na littafi, duk daga albashin da ake jira gida ya ci a ciki. Sai ƙarancin ma'aikata, domin inda nas ɗaya ke riƙe da awo da rigakafi da karɓar haihuwa, samun hutun karatu sai an kai ruwa rana. Na uku kuwa namu ne. Wasu mazajen na ganin tunda ta sami aiki, karatu ya ƙare. Muna roƙon 'yan uwanmu maza su sake duba wannan, domin ranar da naƙuda ta tsaya wa ƙanwarka, hannun da ya fi ƙwarewa za ka nema.

Wani dattijo daga cikinmu ya kawo tsoron da ke zukatan mutane da dama: mu taimaka mata ta yi digiri, gobe ta tattara ta tafi Ingila ko Saudiyya. Ba ƙarya ya faɗa ba, ma'aikatan jinya na barin ƙasar nan sosai. Sai dai a ganinmu, wadda aka bari shekara da shekaru a mataki ɗaya, ba ƙarin girma ba ƙarin sani, ita ta fi saurin neman hanyar fita. Kuma ba ma son lafiyar matanmu ta dogara a kan hana 'yarmu ci gaba.

Saboda haka ƙungiya ta amince a ware wani kaso daga asusun taimakon juna don kuɗin kwas ɗin sabunta lasisi, a matsayin rance marar ruwa. Na digiri ya fi ƙarfin asusunmu a yanzu, sai mun nemi hannun 'yan kasuwarmu. Inda ake buƙatar magana da maigida, dattawa sun ɗauki nauyin zuwa da kansu. Ɓangaren mata kuma za su tsara wadda za ta riƙe yara a ranakun da uwarsu ke aji. Abu ɗaya muka nema: duk wadda ta dawo daga kwas ta ba matan unguwa yammaci guda a Islamiyya, ta yi musu bayanin abin da ta koyo da Hausa.

Mai buƙata ta kawo kwafin lasisinta da takardar kwas ɗin ga sakatare ko shugabar mata.