Kwanakin Murzuna a Gonar Kawu

Litinin, 5 ga Agusta
Gero ya fid da kai, na wajen rijiya har ya soma bununi. Kawu kuwa fuskarsa ba walwala. Ya ce yanzu ne uwar murzuna ke yawon dare tana zuba ƙwai a kan zangarniya. In tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta bi zangarniyar tana yanke furen tana murɗawa, ta bar hanya fayau babu ƙwaya. Kafin farin shekarun 1970, in ji shi, ba wanda ke lissafi da ita.

Laraba, 7 ga Agusta
Malamin gona ya zo daga Maraɗi da 'yan jakunkunan algarara guda 15. Na leƙa ɗaya: gero da gari, tsutsotsi 25 irin masu cin hatsi a rumbu, sai matan wani ɗan zanzaro guda 2, kowace 'yar mitsitsiya. Masanan cibiyar binciken noma ta INRAN ne suka daɗe suna kiwonsa, suna kiransa Habrobracon. Macen takan harbi tsutsa ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta. An rataye jakunkuna uku a tsakiyar gari, uku-uku gabas, yamma, kudu da arewa, a ƙarƙashin jinkar rumbu don kada ruwa ya jiƙa su.

Kawu ya ce, "Malam, wannan ɗan abin ne zai tsare mana gonakin gari duka?"
"Baba, ai ɗan ƙasa ne, dama yana nan. Rani ne ke rage shi, mu kuma muna ƙara masa yawa a kan lokaci."

Juma'a, 9 ga Agusta
Bayan masallaci gardama ta kaure. Wani maƙwabcinmu ya sayo maganin feshi a kasuwa, ya rantse sai ya fesa. Ban ga laifinsa ba, mutum ne mai bakuna goma a gida. Amma tsutsar tana ɓoye cikin zangarniya, maganin da ƙyar yake kai mata, zanzaron da ke waje shi zai fara mutuwa. Mai gari ya roƙe shi ya dakata. Ya ajiye, ransa a ɓace.

Asabar, 17 ga Agusta
'Ya'yan zanzaron sun fara fitowa ta ramukan algarara.

Alhamis, 22 ga Agusta
Da hantsi Kawu ya kira ni, "Zo ka gani, ɗana." Ya buɗe zangarniya da farce: murzuna ta yi baƙi ta yamushe, ga 'yan fararen ƙunsoshi a gefenta. Mun bi layi muna dubawa, matattun sun fi masu rai. Raina ya yi fari ƙwarai.

Ba zanzaro kaɗai ke wannan aiki ba. Tsuntsayen da ke sheƙa a kan gawo suna tsintar tsutsa da rana, jemagu suna kama uwar murzuna da dare, tururuwa na jiran tsutsar da ta faɗo ƙasa. Gonar da aka share ƙaf ba itace ba su da mazauni a cikinta. Gawon da Kawu ya hana a sare lokacin sassabe yana biyansa.

Lahadi, 1 ga Satumba
Yara sun gasa tumu. Akwai ɓarna, musamman a geron da ya riga fid da kai. Tsutsar da ta tsira za ta sauka ƙasa ta kwanta har damina mai zuwa. Da yamma mai gari ya tara mutane a kan kuɗin jakunkunan baɗi, maƙwabcin nan mai feshi ya ba da nasa.