Abin da Ke Ƙarƙashin Fenti

Duk wanda ya tambaye ni inda na koyi Hausa nakan ce masa a makarantu biyu ne. Ta biyun ita ce wannan jami'a tamu. Ta farkon kuwa garejin baffana ne da ke kusa da unguwar Sabo a Ibadan, inda ake gyaran jikin motocin da suka yi haɗari. Ni Bayarabe ne gaba da baya. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara tara, sai ƙanensa ya ɗauke mu, ni da ƙanena, kuma da kuɗin guduma da fenti ya biya mana kuɗin makaranta. Yawancin masu kawo masa aiki direbobin Arewa ne masu dakon shanu da albasa, a cikin yaransa kuma akwai Hausawa biyu, ɗaya daga Zariya, ɗaya daga Gusau. A bakinsu na fara jin "miƙo guduma" tun kafin in san akwai wani abu wai shi nahawu. Don haka nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin wannan makaranta da ba ta da allo, da irin ilimin da take bayarwa, da kuma wanda ta kasa bayarwa.

Shiga koyon fanel bita ba ta buƙatar jarrabawa. Uba ko wa ne zai kawo yaro, a yi yarjejeniya a gaban shaidu, a yanke shekarun da zai yi. A garejinmu shekara huɗu ce. Shekarar farko yaro ba ya taɓa jikin mota da guduma ko kaɗan. Aikinsa shara da ɗebo ruwa da wanke kayan aiki da zuwa aike, sai kuma kallo. A shekara ta biyu zai fara kwance bamba da ƙofa da fitilu, ya koyi goge jiki da samfefa har yatsunsa su yi kanta. A ta uku ne ake ba shi guduma da ƙarfen tokare, a sa shi ya fitar da loɓa, sannan a koya masa walda. A ta huɗu yakan ɗauki aiki sukutum, maigida yana kallonsa daga nesa. In ya gama sai a yi bikin yaye, wanda mu a nan Kudu muke ci da sha a kansa kamar bikin aure. Maigida zai sa masa albarka, ya danƙa masa guduma, daga ranar nan shi ma ya zama oga.

Masu raina wannan sana'a ba su san yawan ilimin da ke cikinta ba. Baffana yakan rufe ido ya shafa ƙofar mota da tafin hannu, ya gaya maka inda loɓa take, alhali idonka bai ga komai ba. Yakan ce ƙarfe yana tuna surar da aka ƙera shi da ita, aikin mai gyara shi ne ya lallashe shi ya koma. Shi ya sa ba a fara bugun loɓa daga tsakiya. Daga gefe ake farawa, a bi ta sannu a hankali, wurin da ya loɓa a ƙarshe shi ake fara gyarawa. Mai fenti kuma zai dubi motar da rana ta ci launinta shekara goma, ya haɗa kala uku ko huɗu a gwangwani har ta yi daidai. Ba a littafi ya koyi wannan ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a gareji na fara fahimtar wannan karin magana.

Amma darasin da ya fi zauna mini a zuciya na amana ne. Fenti yana rufe komai. Akwai wani kwaɓi da ake kira foti, wanda ake shafawa don cike 'yan ƙananan ramukan da guduma ta bari. Masu yin sa sun ce kada kaurinsa ya wuce kamar milimita shida. Malalacin mai gyara kuwa ba zai wahalar da kansa da bugu ba, sai ya lafta foti ya goge, ya fesa fenti, mota ta fito tana ƙyalli. Wata rana wani direba ya kawo motar da ya saya ba da jimawa ba, fentinta ya fara tsagewa. Baffana ya ɗauko maganaɗisu ya manna a ƙofar, sai ya faɗo ƙasa, domin babu ƙarfe a kusa da zai kama. Da aka kankare, kaurin fotin ya kai yatsa biyu. Ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ka gani? Mai mota fenti yake gani, amma abin da ke ƙarƙashi shi zai cece shi ko ya kashe shi."

To, a nan ne matsalar take, domin abin da ke ƙarƙashin fenti ya canza, koyarwar gareji kuwa tana nan yadda take. Baffana ya koyi aiki ne a kan Fijo 504, mai kaurin ƙarfe da za ka gasa da wuta ka buga yadda kake so. Motocin yanzu, musamman na hannu da muke kira tokumbo, a Arewa kuma a ce 'yan Kwatano, ba haka suke ba. Da yawansu ma sun riga sun yi haɗari a Amurka, aka yi gwanjonsu, aka kawo nan don a gyara a sayar. An ƙera gaban mota da bayanta ne don su murƙushe idan an yi karo, su shanye ƙarfin bugun, ɗakin da mutane suke zaune ya tsira. Kamfanin Mercedes ne ya fara fitar da mota mai wannan tsari a 1959. Ginshiƙan wannan ɗaki kuma da wani ƙarfe mai tsananin tauri ake yin su, wanda idan aka gasa shi da wutar walda ƙarfinsa yakan ragu, ko da ya miƙe sumul. Irin wannan sauya shi ake yi, ba a miƙar da shi. Ga kuma alminiyam, wanda kamfanin Ford ya yi jikin motarsa F-150 da shi daga 2015. Shi ba ya yin ja kafin ya narke, saboda haka idon da ya saba da ƙarfe yakan yaudaru. Ga jakar iska, ga na'urori a cikin bamba da gilashi masu buƙatar saiti da kwamfuta. Duk wannan ba abin da tafin hannu zai ji ba ne.

Akwai kuma lafiyar shi kansa mai aikin. A cikin sinadarin da ake zuba wa fentin zamani don ya bushe ya yi ƙarfi akwai wata guba da ke jawo asma. Tsumman da yara suke ɗaurewa a hanci ba ya tare ta, madarar gwangwanin da suke sha bayan feshi kuma ba ta wanke huhu. Mai fentinmu na farko, mutumin da ya fi kowa iya haɗa kala, ya bar aikin bai kai shekara arba'in ba saboda numfashi. An rubuta gargaɗin a jikin gwangwani, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, kuma babu wanda ya taɓa karanta masa.

Ba wai babu hanyar haɗa gareji da aji ba ne. A Jamus mai koyon wannan sana'a yakan yi shekara uku da rabi, yana raba lokacinsa tsakanin wurin aiki da makaranta, ana biyansa, ya fita da takardar da ƙasa ta sani. A nan gida ma muna da wasu ƙofofi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai matakai uku. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar kwalejojin fasaha. Hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin auna ƙwarewar wanda ya koyi aiki a wajen makaranta, a ba shi shaida. Sai dai a cikin yaran da baffana ya yaye, ba na tuna ko ɗaya da ya taɓa jin labarin waɗannan.

Wannan magana ta shigo har cikin gidanmu. Ƙanena ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya ce shi gareji zai shiga. Mahaifiyarmu ta yi kuka, ta ce ba ta haifi ɗa don ya ƙare a ƙarƙashin mota ba. Abin mamaki, baffana ma bai yi murna nan take ba. Cewa ya yi, "Abin da na sani zan ba ka duka, amma motar yanzu ta wuce ni. In za ka tsaya a iya ilimina, gara kada ka fara." A ƙarshe aka daidaita a kan cewa zai yi shekarunsa huɗu a gareji, ya yi gwajin sana'a, sannan ya nemi kwalejin fasaha. Ni na goyi bayansa, domin muddin ana tuƙa mota a titunanmu, za a buƙaci mai gyara, kuma gara mai gyaran ya zama wanda ya iya guduma ya kuma iya karatu.

Mu kuma ɗaliban harshe, ina namu rabon? Daga Fanteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano, har Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas, ana koyar da wannan sana'a da Hausa kullum. Muna neman batun kundin digiri muna ta maimaita abin da aka riga aka rubuta, ga kalmomin gareji nan suna jiran mai tattarawa. Ga gargaɗin jikin gwangwanin fenti yana jiran mai fassarawa. Ni dai na fara da shafi guda a kan gubar fenti da irin abin rufe fuskar da ya dace, na rubuta da Hausa da Yarbanci, na manna a bangon garejinmu. Wanda yake so mu yi shafi na biyu tare, ya same ni a sashe bayan lacca.