Haƙorin Makka da haƙorin asibiti

A Nima da Maamobi babu wanda bai san darajar haƙorin Makka ba. Hajiya ta dawo daga sauke farali, ta murmusa, zinariya ta haska, kowa ya ce masha Allah. Amma a ga ɗan shekara 4 da ƙarfe mai launin azurfa a baki, sai a shiga raɗe-raɗi: me aka yi wa ɗan mutane? Alhali na Hajiya ado ne, na yaron kuwa magani.

Maganar ta iso zauren dattijon da nake riƙe wa alƙalami a matsayin rigima tsakanin uwa da ɗanta. Likita ya duba jikarta, ya ce turame shida sun ruɓe, sai an sa ta barci a kankare ruɓar, a kifa wa kowane hular ƙarfe a zama guda. Uban ya amince, Hajiya ta ce faufau. "Ranka ya daɗe, haƙoran nono ne, zubewa za su yi. A kansu za a kwantar mini da yarinya kamar gawa?"

Hujjarta ta farko ba ta tsayu ba. Haƙoran nono 20 ne, kuma na gaba ne ke fara zubewa wajen shekara 6. Turame sai yaro ya kai 10 zuwa 12. Ke nan yarinyar za ta yi shekara shida ko fiye tana tauna da ruɓaɓɓen haƙori. Ruɓar kan kai ga jijiya ta tara mugunya, fuska ta kumbura, har ta taɓa haƙorin girma da ke kwance a ƙasa. In an cire turmin da wuri kuma, maƙwabtansa su matso su cinye gurbin, mai fitowa ya fito a karkace. Hular takan daɗe fiye da ciko, kuma tare da haƙorin take faɗuwa in lokaci ya yi.

Tsoronta kuwa ban raina shi ba. Barcin allura ba wasa ba ne. A shekarar 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan sa ’yan ƙasa da shekara 3 barci sau da yawa, ko barcin da ya wuce awa 3. Gajeren barci sau ɗaya, a hannun gwani, haɗarinsa kaɗan ne; amma kaɗan ba babu ba ce.

Dattijo bai ba kowa gaskiya ba. Ya ce in rubuta tambayoyi uban ya koma da su: wa zai sa barcin, likitan da ya ƙware a kai ne? Akwai kayan farfaɗo da yaro a wurin? Babu wata hanya? Ta ƙarshen tana da tushe, domin akwai dabarar da wata likita ’yar Sikotilan mai suna Norna Hall ta fito da ita, inda ake kifa hular ba tare da allura ko kankarewa ba, muddin ruɓar ba ta kai jijiya ba. Ya kuma ce a nemi ra’ayi na biyu a Korle Bu, inda makarantar likitocin haƙori take. Hajiya kuma ya ɗauki alkawarinta: in aka ce yarinya ta kwana da yunwa kafin aiki, kada tausayin kaka ya sa a ba ta koko a ɓoye, domin abin da ke ciki kan iya komawa huhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mafarin ruɓar. Mu da muka tashi da aswaki a aljihu, muna karanta falalarsa a makarantar allo, mu ne ke kwantar da jarirai da bulumboti cike da shayi mai sukari. Da dare yawu kan ragu, zaƙin ya kwana a kan haƙori yana zama tsami. Da safe kuma a bi da alewa don yaro ya yarda ya tafi makaranta.