Ashe a Gaban Kwamfuta Ake Haihuwar Fim!

Kai! Jama'a, ku tsaya ku ji wannan!

Mun gama ɗaukar ɗan gajeren fim ɗinmu na makaranta, labarin wata yarinya da yayanta ya tafi ci-rani Legas, shiru, ba waya ba saƙo. Muka kwashe hotunan daga katin memori, muka zuba su a DaVinci Resolve, manhajar nan da ake saukewa kyauta. Saura tacewa.

To ga inda abin yake. Akwai wani ɗan gutsure: jarumarmu na zaune a bakin ƙofa, tana jiran darakta ya ba da umarni. Ba wasa take yi ba fa! Zama kawai, ido a ƙasa, gumi a goshi, bakin mayafi a hannu. Editarmu ta jawo gutsuren nan, ta ajiye shi bayan hoton takalman yayan a ƙarƙashin gado. Ta kunna.

Wayyo! Kewa! Kewa tsantsa a fuskar nan, har maƙogwarona ya ɗaure!

Ta cire takalman, ta sa kwanon tuwo da miyar kuka yana tururi. Fuskar nan dai, ita ɗin dai, ko gashin ido bai motsa ba. Amma yanzu yunwa ce ƙiri-ƙiri! Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Malaminmu ya yi murmushi, ya ce ai abin ya kwana biyu. Fiye da shekara 100 ke nan da Lev Kuleshov ya gwada shi a Rasha da fuskar jarumi Ivan Mozzhukhin: ya haɗa ta da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mace a kishingiɗe. 'Yan kallo suka yi ta yabon gwanintarsa, alhali hoto ɗaya ne tak. Mai kallo ne ke zuba abin da ke ransa a fuskar!

Sai maganar inda ake yankawa. Daƙiƙa ɗaya, hotuna 25 ne a jere a kyamararmu. Ashirin da biyar! Edita ta gutsure uku kacal daga ƙarshen wani kallo, kallon ya tashi daga haƙuri ya koma fushi. Ta mayar da su, haƙuri ya dawo. Uku fa! Walter Murch, ɗaya daga cikin waɗanda suka tace Apocalypse Now, ya lura cewa wurin yanka mai kyau yakan faɗo daidai inda jarumi ya ƙifta ido. Muka bi fim ɗinmu muna farautar ƙiftawa kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Ga ta! Ga wata!

Sauti kuwa, kai, kai, kai! Edita ta jawo ƙarar Adaidaita Sahu ta shigo tun fuskar yarinyar na kan allo, kafin a nuna titi. Kunne ya riga ido. Gabana ya faɗi: shi ne? Ya dawo? Ni da na rubuta labarin da hannuna!

Kuma fa ba mu taɓa launi ba tukuna. Edita ta ce gobe za ta nuna mana yadda ake mayar da hasken hantsi ya koma na la'asar sakaliya. Hantsi fa! Ya koma la'asar!